Fitilar injin mai kamawa tana mutuwa

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai wani allo mai agoguna da ƙananan fitilu. Ta wurin allon nan ne mota take sanar da direba halin da take ciki. Jar fitila mai siffar butar mai tana nufin man injin ba ya zagayawa yadda ya kamata. Jar fitila mai siffar ma'aunin zafi tana nufin injin ya yi zafi fiye da kima. In ɗaya cikin biyun nan ta kama, sai direba ya tsaya nan take ya kashe mota, ko da a tsakiyar daji ne.

Akwai kuma wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin. Da Faransanci ana ce mata « voyant moteur ». Ita ce ta fi ruɗa direbobi, domin a tsohuwar mota takan kama yau, ta mutu jibi, ta sake kamawa bayan mako biyu, mota kuwa tana ta tafiyarta. Wani direban ya ce ƙarya fitilar take yi. Wani ma ya liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame shi.

Wa yake kunna fitilar?

Motocin da, irin su Peugeot 404 da 504 masu karbirato, ba su da wannan fitila. Motocin da suka biyo baya suna da wata ƴar kwamfuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Babban aikinta shi ne auna abincin injin. Injin esansi yana son giram 14,7 na iska ga kowane giram 1 na esansi. In iska ta yi yawa, injin ya rasa ƙarfi. In esansi ya yi yawa, a yi asarar mai, hayaƙi kuma ya ƙazanta.

Ƙwaƙwalwa ba ta da ido. Wasu ƙananan ma'aunai ne suke kai mata labari ta cikin wayoyi. Ɗaya yana auna iskar da take shiga, ɗaya yana auna zafin ruwan injin, ɗaya yana ƙidaya juyin injin. Wani kuma yana cikin bututun hayaƙi, yana auna iskar oksijan da ta rage bayan ƙonewa. In labarin da ya zo bai yi daidai ba, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta wata lamba ta ajiye. Laifuffuka da yawa sai ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. In kuma aka yi tafiya 3 a jere laifin bai dawo ba, sai ta kashe fitilar da kanta.

Ke nan mutuwar fitila ba ta nufin mota ta warke. Ciwon ya kwanta ne, kamar zazzaɓin da yake sauka da safe ya taso da marece. Lambar tana nan a ajiye, ba ta gogewa sai injin ya yi zafi ya huce wajen sau 40 ba tare da laifin ya dawo ba.

Karanta lambar

Tun daga 1996, doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su kasance da mahaɗi iri ɗaya mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. A ƙasashen Tarayyar Turai dokar ta hau kan motocin esansi a 2001, masu gazuwal kuma a 2004. Da yawa daga tsofaffin motocin da suke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa daga waɗannan ƙasashe aka kawo su, saboda haka suna da mahaɗin. A nan makanike yake jona wata na'ura da ake kira « valise », wato akwati, ta nuna masa lambar.

Kowace lamba da ma'anarta. P0301 tana nufin silinda ta 1 tana tsallake wuta, wato esansin cikinta wani lokaci ba ya ƙonewa. P0302 silinda ta 2 ke nan, haka nan har zuwa ta ƙarshe. P0171 tana nufin iska ta rinjayi esansi. Tare da lambar, ƙwaƙwalwa tana ajiye bayanin lokacin da abin ya faru: gudun mota, juyin injin da zafinsa.

A nan mutane da yawa suke yin kuskure biyu. Na farko, su cire kan batir don fitila ta mutu. A motoci da yawa wannan yana goge lambar da bayaninta duka, makanike ya rasa sawun da zai bi. Na biyu, su ɗauka lambar sunan abin da ya lalace ne. In aka ga P0171, mai gaggawa sai ya sayi sabon ma'aunin oksijan. Alhali sau da yawa ma'aunin lafiyarsa lau, gaskiya ya faɗa. Mai yiwuwa wani tiyon roba ne ya tsage don tsufa da zafin rana, iska tana satar hanya tana shiga. Mai yiwuwa kuma matacin esansi ne ya toshe. An kashe jikkuna masu yawa, fitila ta dawo.

Yaushe take kamawa?

Makanike na ƙwarai ba ya ɗaukar sufana sai ya yi wa direba tambayoyi, kamar yadda likita yake tambayar majinyaci. Laifin da yake zuwa yana tafiya yana da abin da yake tayar da shi.

In fitilar tana kamawa a hanya mai gargada, a nemi wayar da ta saki, ko wadda fatarta ta goge tana taɓa ƙarfe. Makanike yakan bar injin yana aiki, ya riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Inda injin ya yi tuntuɓe, nan ɓarnar take. In da damina ne, ko bayan wankin injin, ruwa ne yake shiga mahaɗan wayoyi ko ramin buji. In bayan an zuba esansin kwalba na bakin hanya ne, a duba ko akwai ruwa ko datti a cikinsa. Da hunturu kuwa ƙura tana toshe matacin iska. In matacin ya yage, ƙurar ta wuce ta kwanta a kan ma'aunin iska, ya shiga ba da labarin da ba daidai ba.

Batir ma abin dubawa ne tun da farko, don binciken ba ya cin kuɗi. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12,6 in mota tana kashe, da 13,5 zuwa 14,5 in injin yana aiki. Kan batir mai tsatsa ko mai motsi yana iya ruɗa ƙwaƙwalwa.

Ga misali. A ce wani direba yana ɗaukar fasinjoji tsakanin Maraɗi da Tasawa. Da safe motarsa lafiya. Da rana tsaka, a watan Afrilu, in ya cika mota ya taka, sai ta riƙa fizga, fitila ta kama. Akwati ya nuna P0302, bayanin kuma ya nuna injin yana da zafi sosai a lokacin. Makanike ya duba buji, wato abin da yake ba da tartsatsi, ya tarar ba shi da laifi. Sai ya zargi bobin, mai ba buji wuta, domin tsohon bobin yakan yi aiki in yana da sanyi, ya kasa in ya yi zafi. Amma bai ce a sayi sabo ba tukuna. A wannan mota kowace silinda da bobin ɗinta. Ya ɗauke na silinda ta 2 ya kai ta 3, ya kawo na 3 ya sa a ta 2. Ya rubuta lambar a takarda, sannan ya goge ta.

« Je ka yi aikinka, maigida. In ta kama, ka dawo, kada ka taɓa batir. »

Bayan kwana huɗu direba ya dawo. Akwati ya nuna P0303. Laifin ya bi bobin zuwa sabon wurinsa. Da lambar ta tsaya a P0302, da an san bobin ba shi da laifi, sai a koma kan mai fesa esansi ko kan silindar kanta.

In tana ƙiftawa

Fitilar da ta kama ta tsaya tana ba direba damar isa garaj a hankali. Wadda take ƙiftawa kuwa al'amarinta dabam ne. Tana nufin injin yana tsallake wuta sosai, ɗanyen esansi yana gangarawa cikin bututun hayaƙi. A cikin bututun akwai wata tukunya mai tace hayaƙi, wadda aka shafe cikinta da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Esansin yana ƙonewa a cikinta har ta narke ta toshe. Direba ya rage gudu nan da nan, ya nemi wurin tsayawa.

Mai sayen tsohuwar mota shi ma yana da gwaji mai sauƙi. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba. Dole fitilar ta kama tare da sauran, ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, ko dai ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi don ya ɓoye ciwo.

Aiki

1. Me ya sa fitilar injin take mutuwa da kanta?
2. Don me makanike ya sauya wa bobin wuri maimakon ya sayi sabo?
3. Lita 1 ta esansi tana da nauyin wajen giram 750. Giram nawa na iska injin yake bukata don ya ƙone ta?
4. Ku tambayi wani makanike na garinku sunayen sassan injin biyar, ku rubuta su da Hausa da Faransanci.