Zaɓen Injin Fitar da Ruwan Wanka Daga Makewayin da ke Cikin Kwari

Gabatarwa

Tun daga shekarar 1996, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, garin Gusau yake ta bunƙasa. Ana shimfiɗa tituna, ana gina lambatu a gefensu. Sai dai duk sa'ad da aka yi ciko aka ɗaga titi, tsofaffin gidajen da ke bakinsa sukan koma ƙasa da shi. Ta haka ne ake samun gidan da daɓen makewayinsa ya fi bakin lambatu zurfi, ruwan wanka ya rasa mafita. A Tsafe da yankin Kwatarkwashi na Ƙaramar Hukumar Bunguɗu kuwa, wata matsalar ce ta daban: a wurare da yawa dutse yana kusa da saman ƙasa, saboda haka ramin da aka haƙa ba ya yin zurfi, kuma ba ya shanye ruwa da sauri, musamman a watan Agusta da ƙasa ta riga ta ƙoshi. Wannan darasi zai bayyana illar irin wannan ruwa, da kuma yadda ake auna bukata kafin a sayi injin da zai fitar da shi.

Me ya sa ruwan wanka ba abin rainawa ba ne?

Ruwan wanka yana ɗauke da sabulu da maiƙon jiki da matattun ƙwayoyin fata, kuma idan an wanke wa jariri kashi a wurin, yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar hanji. Idan ya kwanta, ya zama abinci ga ƙananan halittu. Sauron nan da masana ke kira Culex ya fi son irin wannan ƙazamin ruwa. Macensa takan zuba ƙwai fiye da ɗari a manne da juna, suna yawo a saman ruwa, kuma a yanayin zafi irin namu kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama sauro mai tashi. Shi ne yake yawan hana mutane barci a birane, kuma a ƙasar Indiya da gaɓar Afirka ta Gabas shi ne yake yaɗa tundurmi. Ya kamata ɗalibi ya bambanta shi da Anopheles mai kawo zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi son ƙananan kududdufai masu ɗan tsabta da rana ke duka.

Haɗari na biyu shi ne ruwan ya tsatsa ya shiga rijiyar gida. A shekarar 1854, wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa ruwan wata rijiya guda ne ya yaɗa cutar amai da gudawa a wata unguwa ta birnin Landan, daga baya kuma aka gano ramin ƙazanta dab da rijiyar. Zamfara tana cikin jihohin da wannan cuta ta addaba a shekarar 2021. Don haka ne masana tsabtar muhalli suke ba da shawarar a nisanta ramin ƙazanta daga rijiya da kimanin mita 30.

A fara gwada gangare

Ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi, amma yana gangarawa kyauta. Kafin a yi maganar inji, a ɗauki siririn tiyo mai haske, a cika shi da ruwa, a gwada tsayin daɓen makewayi da na wurin da ake son ruwan ya zuba, kamar yadda magina ke yi. Idan za a iya samun gangaren santimita biyu da rabi a kowace mita ɗaya ta bututu, to babu bukatar inji. Sau da yawa ɗaga daɓen da bulo ɗaya ko biyu ya fi sayen inji arha, kuma ba ya jiran wutar lantarki. Sai idan rufin ɗakin ya yi ƙasa, ko tazarar ta yi yawa, sannan inji ya zama dole.

Awo na farko: yawan ruwa

Inji dole ya fitar da ruwa da sauri fiye da yadda yake shigowa. A tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, a duba agogo. Idan ya cika a minti ɗaya, ke nan lita 10 ne ke zuba a minti. Sai a ƙara rabin wannan adadi domin kariya, a nemi injin da zai iya lita 15 a minti. Mai wanka da bokiti kuwa ya lura cewa mutane sukan kifar da sauran ruwan gaba ɗaya idan sun gama, don haka yana bukatar ɗan ramin tarawa da zai karɓi bokiti guda a lokaci ɗaya.

Awo na biyu: tsayin da za a ɗaga ruwa

A auna daga ƙasan ramin tarawa zuwa wurin da bututu ya fi tsayi. A ce an sami mita ɗaya da rabi. Ruwa yana gogar cikin bututu, kuma kowace kwana tana rage masa ƙarfi, musamman idan bututun siriri ne ko dogo. Saboda haka sai a lissafa shi a matsayin mita biyu.

A nan ne masu saye suka fi ruɗewa. A jikin inji akan rubuta lambobi biyu, alal misali lita 40 a minti da kuma mita 5. Waɗannan lambobi ba sa haɗuwa a lokaci guda. Lita 40 ɗin sai idan babu hawa ko kaɗan, a mita 5 kuwa ruwan ya tsaya cak. Abin da za a duba shi ne zanen da ke cikin takardar injin, wanda ke nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi. Tambayar da za a yi wa mai shago ita ce: lita nawa yake turawa a mita biyu?

Ga lissafin ƙarfin da aikin ke bukata. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka lita 15 a minti daidai take da rubu'in kilo a daƙiƙa. A ninka 0.25 da 10, wato ƙarfin jan ƙasa, sannan a ninka da mita 2. Amsa ita ce wat 5 kacal. Ko da inji yana ɓarnatar da kashi huɗu cikin biyar na wutar da yake ci, wat 25 sun wadatar. Injin da ake kira mai rabin doki kuwa yana da wat 370 da 'yan kai. Babban inji a ƙaramin rami yakan zuƙe ruwan cikin daƙiƙoƙi, ya shaƙi iska, ya riƙa tashi yana mutuwa har ya ƙone. Ƙaramin inji mai aiki da batir na bolt 12 ya isa, kuma ana iya cajin batirin da farantin hasken rana.

Awo na uku: abin da ke cikin ruwan

Ruwan wanka yana tafe da gashi da zaren soso da yashin ƙafa. Injin rijiyar burtsatse da na tura ruwa zuwa tanki an yi su ne domin ruwa mai tsabta, gashi zai naɗe musu farfela. Iri biyu ne suka dace. Na farko shi ne mai farfela wanda ake nutsarwa cikin ramin tarawa, mai ƙwallon da ke tasowa tare da ruwa ya kunna shi, ya kashe shi idan ruwa ya sauka. Yana bukatar rami mai ɗan zurfi, kuma ba ya jure aiki babu ruwa. Na biyu shi ne mai tantanin roba da ke motsawa gaba da baya, yana zuƙa yana turawa kamar yadda zuciya ke yi. Wannan ana kafa shi a bango, yana jure iska, shi ya sa ya fi dacewa inda dutse ya hana haƙa.

Ƙananan abubuwa masu muhimmanci

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa a cikin jijiyoyin ƙafa akwai 'yan ƙofofi da ke barin jini ya hau zuwa zuciya, su hana shi komowa. Bututun inji ma yana bukatar irin wannan ƙofa, in ba haka ba ruwan da ya hau zai dawo da zarar inji ya tsaya, ranar da lambatu ya cika da ruwan sama kuma ƙazantar titi ta shigo gida. A sa raga a bakin rariya domin tare gashi, a rufe ramin tarawa ruf domin kada ya zama gidan sauro, a kwashe yashinsa kowane mako. Kada a haɗa bututun masai da wannan rami. Aikin waya kuwa a bar wa ƙwararren mai gyaran wuta, ya sa wayar ƙasa da na'urar da ke yanke wuta idan ta zurara, domin jiƙaƙƙen jiki ba ya jure lantarki. Daga ƙarshe, ruwan ya tafi rufaffen rami ko lambatu mai gudu. Wanda ya tura shi kan hanya ya mayar da sauron ƙofar maƙwabcinsa ne kawai.

Aiki ga ɗalibai

1. Auna lita nawa famfon makarantarku ke zubarwa a minti ɗaya.
2. Wani gida a Bunguɗu yana son ɗaga lita 12 a minti zuwa tsayin mita 3. Lissafa ƙarfin da ake bukata.
3. Ɗebo ruwa daga kwatami da kuma daga kududdufin ruwan sama, ka zuba a kwalabe biyu, ka rufe bakinsu da yadi. Tsutsar Culex takan rataye kanta ƙasa, ta Anopheles kuwa takan kwanta a miƙe a saman ruwa. Wacce ka samu a kowace kwalba? A wanke hannu da sabulu bayan an gama.