DARASIN MASUNTA: AWO YA FI KALLO

 Darasinmu na yau a kan tarwaɗa ne da ɗan uwanta ramboshi. Duka biyun akwai su cikin kogin Isa. Idan ka je bakin ruwa a Gamkalle ko Saga, nan Yamai, za ka tarar da su cikin jirgi ɗaya. Suna da gashin baki, ba su da ɓawo. Amma kama da wane ba ta wane.

Mai neman iri don tabkinsa ya kamata ya san abin da ya saya. In ya yi kuskure, sai ya ci da kifi wata da watanni, bai samu irin da ya so ba. Kada ka dogara da launi, don launin kifi yana sakewa bisa ga ruwan da ya zauna.

Ga yadda za ka yi. Nemi katako mai faɗi, da zare, da sandar awo irin ta ƴan lakwal.

1. Jiƙa katako, ka shimfiɗa kifi a miƙe.

2. Auna daga bakinsa zuwa gindin wutsiya. Kada ka haɗa da wutsiya, don takan yage. Rubuta.

3. Auna fiffiken baya, wanda yake da tsinkaye a ciki. Rubuta.

4. Gwada awon biyu.

Fiffiken bayan tarwaɗa guda ne, ya wuce rabin tsawon jiki, ya kai kusa da wutsiya. Tsinkayensa 60 ne ko fiye. Na ramboshi bai kai rabi ba, bayansa kuma akwai wani fiffike na tsoka zalla, marar tsinke.

Shi ma ramboshi ba iri guda ba ne. Ɗauki misalin kifi mai santimita 50. In fiffike mai tsinkaye ya kai kamar santimita 20, tsinkaye 40 zuwa 46, iri ɗaya ke nan. In ya tsaya wajen santimita 15, tsinkaye 26 zuwa 35, wani iri ne dabam.

Manyan tarwaɗun kogi kuma iri biyu ne, ido ba ya raba su. Ɗaga marfin kuncin kifin da ya mutu. Wurin jan abin nan da yake numfashi da shi akwai ƙashi mai lanƙwasa, da ƴan haƙora jere kamar matsefi. Ƙirga na ƙashin farko. Irin da aka fi kiwo yana da 24 zuwa 110. Ɗayan yana da 16 zuwa 50. Lura: haƙoran suna ƙaruwa in kifi yana girma. Saboda haka kifaye masu tsawo ɗaya za ka gwada, ba babba da ƙarami ba. Da irin wannan awo da ƙirga ne wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Guy Teugels, ya tantance dangin tarwaɗa na Afirka a 1986.

Aikin gida: auna kifi biyar, ka rubuta cikin littafinka, ka kai wa malamin yaƙi da jahilci ku duba tare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Allah ya ba da sa'ar su.