Hukuncin Dashen Maniyyi Don Neman Haihuwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya aure ya zama tushen zuriya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda a da sai a manyan birane ake jin labarinta, amma yanzu ta iso har zaurukan malamai a garuruwa irin su Jandutsi da Jega da Aliero da Maiyama. Mas'alar kuwa ita ce: idan mata da miji suka shekara da shekaru babu haihuwa, likita kuma ya ba su shawarar a yi musu dashen maniyyi, shin Shari'a ta yarda? Amsar a taƙaice ita ce, akwai dashen da ya halatta, akwai kuma wanda ya haramta, abin da ya raba tsakaninsu kuwa shi ne igiyar aure.

Rashin haihuwa jarrabawa ce

Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a cikin Suratush Shura, aya ta 49 da ta 50, cewa Shi ne ke raba 'ya'ya yadda Ya so: wani mata, wani maza, wani a gauraya masa, wani kuma a bar shi babu. Saboda haka rashin haihuwa ba alamar fushin Allah ba ne. Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su, sun jira har tsufa. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ba ta haihu ba har ta koma ga Ubangijinta, wannan kuwa bai rage kome daga darajarta ba.

Amma fa a ƙasar Hausa nauyin abin yakan faɗa kan mace ita kaɗai. Da zarar an shekara biyu ko uku shiru, sai dangin miji su fara kiranta juya, kishiyoyi su riƙa yi mata habaici, wani lokaci ma a sake ta ba tare da an taɓa duba lafiyar mijin ba. Wannan zalunci ne. Binciken likitoci ya nuna a kusan rabin ma'auratan da ke fama da wannan matsala, akwai sanadi daga wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar a shekarar 1444 ta Hijira, watau 2023, cewa kimanin mutum 1 cikin kowane 6 na baligai yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Sanadin yana da yawa. Ga namiji akwai ƙarancin ƙwayoyin haihuwa a cikin maniyyi ko rauninsu, abin da hangum bayan balaga ko ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba ke iya jawowa. Ga mace akwai toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, sau da yawa saboda cutar da ta shiga bayan ɓari ko haihuwa. Tsargiya ma, wadda mazauna bakin gulbi da fadamu suka sani ƙwarai, tana iya taɓa gaɓoɓin haihuwa na maza da mata.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik cewa wasu ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ko su yi magani, ya umarce su da su yi, ya kuma sanar da su babu cutar da ba ta da magani in ban da tsufa. A kan wannan magabatan ƙasar nan suka tafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai a kan ilimin magani. Kowa ya san yadda mutane ke tahowa daga nesa zuwa wurin masu ɗori na Aliero, babu kuwa malamin da ya taɓa cewa wanda ya kai karayarsa a ɗora masa ya yi jayayya da ƙaddara. To, haka hukuncin yake ga mai neman maganin rashin haihuwa, muddin hanyar da ya bi halattacciya ce.

Yadda ake yin dashen

Dashe iri biyu ne. Na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne na cikin jiki. Likita zai karɓi maniyyin miji, a tace shi a ɗakin gwaji, a tattara ƙwayoyin da suka fi kuzari, sa'an nan a zura su cikin mahaifar matar da wani siririn bututu a daidai kwanakin da take sakin ƙwai. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, kuma ba a yin tiyata. Sai dai lalle ne ya kasance aƙalla hanya ɗaya daga hanyoyin ƙwan matar a buɗe take. Ba kullum ake dacewa ba: a kowane gwaji, daga mace 1 zuwa 2 cikin 10 ne ke samun ciki, shi ya sa akan maimaita sau uku ko fiye.

Na biyu shi ne na wajen jiki, wanda mutane ke kira jaririn kwalba. A nan ana ciro ƙwan matar ne, a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar da shi cikin mahaifa. Manomin albasa zai fahimci wannan da sauri, domin shi ma yakan fara rainon iri a wuri guda, sa'an nan ya cire ya dasa a gona. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya an haife ta ne a garin Oldham na ƙasar Ingila ran 25 ga Yuli, 1978, a hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara aikin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, a 1998 kuma aka haifi jaririya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada.

Tun farkon lamarin haɗarinsa ya bayyana. A shekarar 1884 wani likita a birnin Filadalfiya na Amurka, William Pancoast, ya sa wa wata mata maganin barci, ya dasa mata maniyyin wani ɗalibinsa ba da saninta ba, domin ya gano mijinta ba zai haihu ba. Labarin bai fito fili ba sai a 1909. Irin wannan shi ne abin da malamai suka tashi tsaye don toshe ƙofarsa.

Abin da malamai suka yanke

Shehu Mahmud Shaltut, wanda ya shugabanci Azhar daga 1958 zuwa 1963, yana cikin na farko da suka yi magana: ya halatta dashen idan da maniyyin miji ne, ya kuma ɗauki dashe da maniyyin wani namiji a matsayin laifi mai ma'ana ɗaya da zina. A watan Maris na 1980, Muftin Masar na lokacin, Shehu Jadul Haƙƙi Ali Jadul Haƙƙi, ya fitar da doguwar fatawa a kan wannan turba.

Daga nan majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1404, watau 1984. A wannan zama ta halatta dashe tsakanin ma'aurata, har ta yarda a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a dasa a mahaifar kishiyarta. Amma da ta sake zama a 1405, watau 1985, sai ta janye wannan sassauci. Dalili kuwa shi ne, kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin daga mijin a daidai wannan lokaci, a rasa gane ɗan wace ce aka haifa. Wannan abin lura ne ga gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, inda wani zai zaci tun da duka matansa ne babu laifi.

A watan Oktoba na 1986, majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a birnin Amman na ƙasar Jodan, ta duba hanyoyi 7. Ta haramta 5: maniyyin miji da ƙwan wata mace; maniyyin wani namiji da ƙwan matar; abin ma'aurata a dasa a mahaifar wata mace; maniyyi da ƙwai duka na baƙi a dasa wa matar; da kuma dasawa a mahaifar kishiya. Ta halatta 2 idan bukata ta kama: dashen cikin jiki da na wajen jiki, da maniyyin miji da ƙwan matarsa da mahaifarta ita kanta, tare da matuƙar kiyayewa kada a sami cakuɗuwa.

Dalilin haramcin

Kiyaye nasaba ɗaya ne daga manyan abubuwa 5 da Shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da hankali da dukiya. Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5, ta soke al'adar mayar da ɗan wani naka, ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa na gaskiya, har aka daina jingina Zaidu ɗan Harisata ga Annabi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ruwaifi'u ɗan Sabit hani ga mumini ya shayar da shukar wani da ruwansa. Buhari kuma ya kawo bayanin Nana A'isha game da aure-auren Jahiliyya, a cikinsu akwai wanda miji ke tura matarsa wurin wani namiji don neman ɗa mai kyawun iri, ya ƙaurace mata har cikin ya bayyana. Musulunci ya rushe wannan. Wanda ya duba da kyau zai ga dashe da maniyyin baƙo wannan tsohuwar al'ada ce ta dawo cikin farar rigar asibiti.

Ga misali da zai nuna girman abin. A ɗauka wani magidanci a Jandutsi ya rasu ya bar gona kadada 8, ba shi da iyaye, sai mata ɗaya da 'yan'uwa shaƙiƙai. Idan ba shi da ɗa, matar tana da rubu'i, watau kadada 2, 'yan'uwa su raba 6. Idan kuwa yana da ɗa namiji, matar tana da sumuni, kadada 1, ɗan ya ɗauki 7, 'yan'uwa ba su da kome. To, idan wannan ɗa daga maniyyin baƙo aka samo shi a ɓoye, an cinye haƙƙin magada ke nan, an kuma ciyar da yaron haram ba da saninsa ba. Ban da gado, akwai walicci: yarinyar da aka samu ta wannan hanya, wanda ba ubanta ba ne zai aurar da ita. Akwai kuma muharramaka, domin mutum ɗaya yana iya bayar da maniyyi ga gidaje da yawa, 'ya'yansa su girma su auri juna ba su sani ba.

Malamai sun ce wanda ya aikata haka ba a yi masa haddin zina, tun da babu saduwa, amma ya yi babban zunubi, shi da likitan da ya yi aikin. Fatawar 1980 ta jingina yaron ga uwar da ta haife shi, ba ga mijinta ba. Shi dai yaron ba shi da laifin kome, ba ya kuma halatta a goranta masa.

Sharuɗɗan da za a kiyaye

Na ɗaya, a tabbatar da bukata. Likitoci kan fara bincike idan an shekara guda ana zaman aure babu ciki. Mata da miji su tafi tare wurin likitan da ya ƙware, kamar waɗanda ke manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A fara da gwajin miji, domin shi ya fi sauƙi da arha. Sau da yawa magani kaɗai ya isa, ba sai an kai ga dashe ba.

Na biyu, yardar su duka biyun. Ba ya halatta miji ya ɓoye wa matarsa sakamakon gwajinsa ya bar ta tana shan gori, haka ita ma ba ta da ikon zuwa a yi mata dashe a bayan idonsa.

Na uku, aure ya kasance yana nan daram a ranar da za a yi dashen. Maniyyin da aka daskarar aka ajiye ba a amfani da shi bayan mutuwar miji ko bayan aure ya ƙare.

Na huɗu, kiyaye al'aura. Majalisar Makka ta jera cewa a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, in babu sai waninsa, kuma kada a keɓe: mijin ko wata mace amintacciya su kasance a wurin.

Na biyar, amana. Miji ya tambaya a fili yadda ake sa wa kowace kwalba suna da yadda ake tsare ta, ya karanta takardar da zai sa wa hannu ko a karanta masa, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba su yarda da maniyyi ko ƙwan wani ba. Jin kunyar tambaya a nan ba ya cikin kunyar da addini ya yaba.

Wanda ya bi waɗannan sharuɗɗa Allah Ya ba shi ɗa, to, ɗan halas ne, a yanka masa rago ran suna, ya ci gado kamar kowane ɗa. Wanda kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, ya yi haƙuri, kada ya sayar da gonar da iyali ke ci don bin abin da likita ya ce ba zai yiwu ba. Ƙofar riƙon maraya a buɗe take, da sharaɗin a bar masa sunan ubansa, kuma ana iya yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Annabi ya yi wa mai riƙon maraya bushara da maƙwabtaka da shi a Aljanna.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya azurta masu nema da zuriya ɗayyiba, Ya ba masu jira haƙuri da lada, amin.