Darasi: Sayar da Ɗa Mai 'Yanci da Cin Kuɗinsa

 Imamu Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi a kan mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zamo abokin husumarsu ranar alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa. A kan wannan mutum darasinmu zai tsaya, domin ƙasarmu ta san shi.

Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan aka shekara da shekaru ana kai hari tsakaninsu da daular Sakkwato, kowane ɓangare yana kwasar mutanen ɗaya. Waɗanda suka fi ɗanɗana wannan azaba talakawa ne: manomi a gonarsa, mace a hanyar rijiya, yaro a wurin kiwo. Mai dangi masu hali a fanshe shi. Maras gata a ɗaura masa igiya a kai shi kasuwa, a raba uwa da ɗanta, wani ya ƙare a rinji yana noma, wani a bi da shi hamada zuwa Tarabulus. Da yawa daga cikinsu masu salla ne, kuma wanda ya kama su ya sani.

Malamai ba su yi shiru ba. Tun wajen 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, inda ya bayyana cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma ambaci Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda mallakar mutanensu haramun ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ma ya hana bautar da ɗiyan Musulmi. Sai dai kwaɗayin dukiya ya fi ƙarfin fatawa.

Shari'a kuwa ƙofofin fita ta yawaita. Ta sanya 'yanta bawa a kaffarar kisan kuskure da zihari da karya rantsuwa, ta ware masa kaso a zakka cikin Suratut Tauba, ta yi umarni cikin Suratun Nur da a rubuta wa bawa yarjejeniyar fansar kansa. Abin da kakanninmu ke kira murgu, wato bawa ya yi sana'arsa yana biyan ubangidansa, ya zama hanyar da wasu suka tara kuɗin fansa.

Sarkin Tunis Ahmad Bey ya soke bauta a 1846, kafin Faransa ta soke ta a 1848. Dokar Faransa ta 1905 ta hana cinikin mutane a Afirka ta Yamma, amma Nasaran da suka kawo ta suka ɗora wa talakawa aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. A arewacin Nijeriya sai 1936 aka kammala sokewa.

To, ko an gama? Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta nuna ba a gama ba, kuma gwagwarmayarta na cikin abin da ya sa Nijar ta kafa dokar 2003 mai hukunta bauta da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ku dubi Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996 a yankin Ƙonni tana 'yar shekara 12, a kan sefa 240,000, aka mai da ita wahaya, wadda ake kira mata ta biyar. A 2005 ubangidan ya ba ta takardar 'yanci, sa'an nan ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure a kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta hukunta cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Masu wannan al'ada suna fakewa da sunan sa-ɗaka. Wannan fakewa ɓatacciya ce. Yarinyar da aka haifa Musulma a ƙasar aminci, ba a yaƙi aka kama ta ba, 'ya ce, babu mai ikon sayar da ita ko da mahaifinta ne. Wanda ya saye ta ba shi da aure, tunda babu waliyyi babu sadaki babu shaidu, ba shi kuma da mallaka. Wanda ya yi dillanci da wanda ya karɓi kuɗin duk sun shiga cikin hadisin Buhari, kuma wajibi ne a kansu su sake ta, su biya ta haƙƙin shekarun da ta yi tana bauta musu.