Ƙara wa Kwamfutar Cinya Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Masussuka

Manomin shinkafa a fadamar Wurno ko a bakin madatsar ruwa ta Goronyo ya san bambancin rumbu da masussuka. Rumbu wurin ajiya ne, masussuka kuwa wurin aiki. Komai girman rumbu, idan masussuka ta yi ƙanƙanta sai a riƙa ɗebo dami kaɗan-kaɗan, aiki ya yi ta jan ƙafa. Haka abin yake a cikin kwamfuta. Faifan ajiya shi ne rumbu, ƙwaƙwalwar wucin gadi da ake kira RAM ita ce masussuka. A kanta ake baza duk aikin da ake yi, da zarar an kashe na'ura kuma sai a share ta.

Wannan ne ya sa ɗalibin da ya taso daga Rabah zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwamfuta ta hannu mai gigabayit 4 yakan ga tana sanƙarewa in ya buɗe kundin bincikensa tare da shafukan intanet. Sau da yawa maganin bai kai ga sayen sabuwa ba.

Bincike kafin saye

Da farko a tabbatar da cutar. A Windows, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a duba adadin ƙwaƙwalwar da ake ci yayin aiki. Idan kullum tana dab da cika, ƙari zai yi amfani. Idan da sauran fili amma nauyin bai tafi ba, mai yiwuwa laifin na faifan ajiya ne.

Na biyu, a san irinta. DDR3 ta fito a 2007, kuma ta kwamfutar cinya tana da haƙora 204. DDR4 ta biyo baya a 2014 da haƙora 260, sai DDR5 mai 262. Kowace da inda aka yi mata tsaga, don haka wata ba ta shiga gurbin wata. Akwai kuma DDR3L mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, wasu na'urorin ita kaɗai suke karɓa. Kwafe rubutun da ke jikin tsohuwar kafin a tafi kasuwa a Sakkwato ya fi biyan kuɗin mota sau biyu.

Na uku, a wasu kwamfutocin an like ƙwaƙwalwar da dalma a jikin allon, ba ta ciruwa. Haka nan Windows mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da kimanin gigabayit 4.

Haɗarin hunturu

A lokacin hunturu iska kan bushe ƙwarai, jiki ya tara lantarkin gogayya, irin tartsatsin nan da ake gani in an yaye bargo da dare. Mutum ba ya jin sa sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da 100 na iya lalata ƙwaƙwalwa. Saboda haka a guji aiki a kan darduma ko katifa, a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa tukuna, a kuma riƙe ƙwaƙwalwar ta gefe ba tare da taɓa haƙoranta ba.

Yadda ake sakawa

A kashe kwamfuta, a zare caja, a cire batir ko a raba wayarsa. A kwance murfin ƙasa da ƙaramin sukurudireba. A buɗa 'yan ƙarafan da ke riƙe da tsohuwar ta gefe biyu, za ta ɗago da kanta. A zura sabuwar a karkace, tsaga ta dace da tsaga, sannan a danna ta ƙasa har ta ce ƙyas. Idan an kunna allo ya ƙi kawo haske, galibi ba ta zauna daidai ba ne. A cire a sake.

Abin lura

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabayit 4, amma tana da wasu sharuɗɗan da ƙarin ƙwaƙwalwa ba zai cika su ba. Faɗaɗa masussuka na saukaƙa aiki, sai dai ba ya mai da tsohuwar na'ura sabuwa.