Amsoshin Tambayoyinku: Gurnanin taya da kulocin da ke zamewa

Wani direban torotoro (motar haya) daga Madina, a Accra, ya aiko yana tambaya: motarsa na gurnani in ta ɗauki gudu, kuma a hawan Aburi inji na ihu amma motar ba ta ja. Me ke faruwa?

To Malam direba, sannu da ƙoƙari. Matsala biyu ce ka haɗa.

Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya kuma canza in ka karya kwana, boris ɗin taya ne. A ɗaga motar da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga. In tana motsi, ko ka juya ta ka ji tana ƙarar yashi, boris ya ci. Ruwan damina da ke kwanciya a titi yakan shiga ya ɓata giris. Kada ka ɗauki fasinja da motar, don boris kan kama, har taya ta fita.

Ihun inji kuwa, musamman da warin ƙuna, faifan kuloci ne ya suɗe. Ɗora ƙafa kan kuloci a cunkoson Zongo Junction shi ke cinye shi. Tunda sai an sauke giyabos, a canza faifan da abin da ke matse shi da boris ɗin kuloci gaba ɗaya, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu.

In za ka kasuwar Abossey Okai sayen kayan, tafi da makanikinka da tsohon kayan a hannu. Boris dai, don Allah, sayi sabo.