Shunayya a Faransanci: ku daina rubuta "pourpre"

Ƙorafin da ba ya ƙarewa daga masu saro yadi ta waya daga Kwatano da Lome shi ne: an yi odar shunayya don anko, an kwance dila sai ga ja. Nan take a ce dillali ya yi ha'inci. Sau tari babu wanda ya cuci wani. Mai oda ne ya ga kalmar Ingilishi purple ta yi kama da pourpre, ya tura ba tare da tambaya ba.

Ba ɗaya ba ne, kuma na gaji da maimaitawa. A kunnen Bafaranshe, pourpre ja ne mai duhu wanda shuɗi ya ɗan taɓa. Asalinsa rinin da mutanen Taya, a Lebanon ta yau, ke tatsa a zamanin da daga dodon koɗin teku, mai tsadar da sai sarakunan Rum da manya. Har gobe rigar kadinal na cocin Katolika ita ake kira pourpre, kuma ja ce wur. Idan shunayya kake so, kada wannan kalma ta fito daga bakinka ko ta shiga saƙonka.

Abin da kake nema violet ne, launin ƙarshe a bakan gizo. Mauve kuwa a Faransa shunayya ce mai haske, sunan wani fure, wadda ta yi tashe bayan William Perkin ya haɗa rininta a Landan a 1856. Amma a Beljiyam da Kebek ta Kanada kusan kowace shunayya mauve ce. Shi ya sa ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Anderlecht ta Beljiyam "les Mauves" alhali rigarta mai duhu ce.

Ina ganin laifin malaman da ke sa ɗalibi haddar jerin launuka daga allo, ba su taɓa ɗaga ƙyalle sun nuna masa ba. Ya gama makaranta da kalma a ka, ido bai san ta ba.

Maganin ba wuya. Rubuta violet, ka ƙara foncé idan mai duhu kake so, clair idan mai haske. Kada ka dogara da hoto, don kowace waya da yadda take nuna launi. Yanki ƙyalle biyu daga yadi ɗaya, ka ba direba ɗaya ya kai wa dillali, ka riƙe ɗaya. Sai dillalin ya tabbatar yana da irinsa sak kafin ka tura ko sefa ɗaya.